Yadda Tottenham ta kai wasan ƙarshe a 2019 ba tare da ta fi City ko Ajax ƙwallaye ba

Tambaya: A Gasar Zakarun Turai ta kakar 2018/2019, Manchester City ta ci Tottenham 4-3 amma City aka fitar. Da Ajax kuma jimilla 3-3 aka tashi, nan ma Tottenham ce ta wuce. Wane irin lissafi aka yi? Me kuma ya sa a kakar nan ƙungiyoyi da yawa suka riƙe nasara a hannu ta kuɓuce musu?

Amsa: Ɗan'uwa, lissafin dokar ƙwallon waje ne. A zagayen sili ɗaya ƙwale na wannan kakar sau uku dokar ta raba gardama, biyu daga ciki Tottenham ce ta ci moriyarta, ɗaya kuma Manchester United.

Akwai kuskuren da ya zauna a gidajen kallo, wato cewa ƙwallon waje biyu ce. Ba a taɓa ninka ta ba. Daga zagayen 'yan 16 har zuwa wasan kusa da na ƙarshe, ƙungiyoyi biyu kan kara sau biyu, gida da waje, a haɗa ƙwallayen wasannin biyu. Wanda ya fi yawa ya wuce, magana ta ƙare, ko da bai ci ko ɗaya a waje ba. Sai in jimillar ta zo daidai ne ake duba wanda ya fi zura ƙwallo a gidan ɗan'uwansa. In nan ma an yi daidai, a ƙara minti 30, kuma ƙwallon da baƙo ya ci a cikin ƙarin lokacin ita ma ta waje ce. In ba a ci komai ba a minti 30 ɗin, sai bugun fenariti. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne ba a zuwa ƙarin lokaci sai in sakamakon wasa na biyu ya zama daidai da na farko a juye: 1-0 da 0-1, ko 2-1 da 1-2. A duk zagayen sili ɗaya ƙwale na kakar sau ɗaya tak hakan ta faru, tsakanin Roma da Porto. Roma ta ci 2-1 a gidanta, Porto ta rama 2-1 a nata, aka ƙara lokaci, Alex Telles ya ci fenariti a minti na 117, Porto ta wuce da 4-3.

Yanzu ka ɗauki karawar City. Ranar 9 ga Afrilun 2019 aka yi wasan farko a sabon filin Tottenham da ke Landan. A nan City ta yi asarar da ta biyo ta har gida. Tun a farkon wasa ta samu fenariti, Sergio Agüero ya buga, Hugo Lloris ya kaɗe. Pep Guardiola ya ajiye Kevin De Bruyne da Leroy Sané a benci sai daf da tashi ya sako su. Son Heung-min ya ci a minti na 78, aka tashi 1-0. Rashin nasara da ci ɗaya ba wani abin tashin hankali ba ne ga ƙungiya irin City. Komawa gida ba tare da ƙwallon waje ba, wannan ne ciwon, domin daga nan duk ƙwallon da Tottenham ta ci a Etihad, filin City, sai City ta biya ta da tsada.

Ranar 17 ga Afrilu ka bi lissafin minti-minti. Raheem Sterling ya ci a minti na 4, jimilla ta zama 1-1, a wannan lokacin ƙarin lokaci za a je. Minti uku bayan haka Son ya farke, kuma da wannan ƙwallon ƙofar ƙarin lokaci ta rufe ke nan, domin 1-0 kaɗai ce za ta kai su can. A minti na 10 Son ya ƙara, duka biyun daga kuskuren Aymeric Laporte. Jimilla 3-1, City na buƙatar uku. Bernardo Silva ya ci a minti na 11, Sterling ya ƙara a na 21. Ƙwallo biyar cikin minti 21, City na gaba 3-2 a allon fili, amma jimilla 3-3, kuma Tottenham ce ke wucewa. Agüero ya ci ta huɗu a minti na 59, a karon farko a duk karawar City ta hau gaba a jimilla, 4-3. Sai kwanar Kieran Trippier a minti na 73, ƙwallo ta bugi ƙugun Fernando Llorente ta shiga. Alƙalin wasa Cüneyt Çakır ya je gefen fili ya duba ko ta taɓa hannu, ya bar ta a matsayin ci. Jimilla 4-4, Tottenham na da uku a waje, City ba ta da ko ɗaya. A ƙarin lokacin tashi Christian Eriksen ya mayar da ƙwallo baya, ta bugi Bernardo Silva ta faɗa wa Agüero, ya ba Sterling ya zura. Guardiola na ta tsalle a bakin layi, VAR, wato na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa, ta nuna Agüero ya yi satar gida a lokacin da ƙwallon ta taɓa Bernardo, aka soke. To ka ga 4-3 da ka gani rabin labarin ce. City ta ci wasan ranar, Tottenham ta ci karawar.

Kakar 2018/2019 ce aka fara amfani da VAR a gasar, kuma daga zagayen 'yan 16 aka shigo da ita, ba a yi wasannin rukuni da ita ba. Ƙwallon farko da ta soke ita ce ta Nicolás Tagliafico na Ajax a ragar Real Madrid. Da babu ita, ƙwallon Sterling ta zauna, kuma da wuya a ba United fenaritin da ta fitar da PSG.

Karawar Ajax ta fi ta City koyar da darasi, domin a nan Tottenham ce ta fara shan kashi a gida. Donny van de Beek ya ci a minti na 15 a Landan, aka tashi 1-0. Harry Kane na jinya tun wasan City na farko, Son kuma an dakatar da shi saboda katin gargaɗi na uku da ya karɓa a Etihad. Dokar kati a lokacin ita ce na uku kan jawo dakatarwar wasa ɗaya, kuma ana share katunan bayan an gama kwata fainal, amma wanda ya riga ya cika ukun sai ya zauna. A Amsterdam ranar 8 ga Mayu, Matthijs de Ligt ya ci da ka a minti na 5, Hakim Ziyech ya ƙara a na 35. An tafi hutun rabin lokaci jimilla 3-0. Mai kallon allo zai ce Tottenham na buƙatar huɗu, ko uku ta kai ƙarin lokaci. A gaskiya uku kawai take buƙata ta wuce kai tsaye, domin 3-3 na nufin tana da uku a waje, Ajax na da ɗaya.

Abin da Mauricio Pochettino ya yi a hutun shi ne ya cire Victor Wanyama ya sa Llorente. A rabin farko Tottenham na ƙoƙarin fitowa da ƙwallo daga baya ta ƙasa, Ajax kuma nan ne ƙarfinta, 'yan gabanta da na tsakiya su taso su matsa su ƙwace. Da shigar Llorente aka daina bi ta tsakiya, ana ɗaga masa ƙwallo kai tsaye, shi kuma dogo ne mai jiki, ya tokare De Ligt ko Daley Blind ya sauke ta. Dele Alli da Lucas Moura da Son suka matso kusa da shi suna tsintar abin da ya faɗo. Matsin Ajax ya zama aikin banza tunda ƙwallo ta sama take wuce su. Moura ya ci a minti na 55 daga hannun Alli. A na 59 André Onana ya tare bugun Llorente, ƙwallo ta kuɓuce a hargitsi tsakaninsa da Lasse Schöne, Moura ya janye ta ya juya ya ci. Ajax ta samu damar rufe wasan, Ziyech ya bugi turke. Jan Vertonghen ma ya bugi sandar sama a ɗaya ɓangaren. A ƙarshen ƙarin lokacin tashi aka sake ɗaga ƙwallo, Llorente ya sauke, Alli ya tura, Moura ya ci ta uku. Duka ukun da ƙafar hagu ya ci su. A ganina laifin Ajax ba tsoro ba ne. Ƙungiyar Erik ten Hag salo ɗaya ta iya, kai hari, kuma da wasan ya rikiɗe ya zama na sama da karo, ba ta da hanyar sanyaya shi ta riƙe ƙwallo minti biyar a jere.

Abin ya yi ciwo ga Ajax domin doguwar tafiya ta yi. Tun watan Yulin 2018 ta fara daga zagaye na biyu na share fage, ta wuce Sturm Graz da Standard Liège da Dynamo Kyiv kafin ta shiga rukuni. Ita ce ta fitar da Real Madrid mai riƙe da kofin shekara uku a jere. Real ta ci 2-1 a Amsterdam, Sergio Ramos ya nemi katin gargaɗi da gangan don ya huta a wasa na biyu ya shiga kwata fainal da tsabta, hukumar ƙwallon Turai UEFA ta ƙara masa dakatarwa a kan haka, kuma yana zaune a sama yana kallo Ajax ta zura huɗu a Bernabéu, 4-1. Bayan nan ta fitar da Juventus, 1-1 a gida, 2-1 a Turin.

Wani abin da mutane ke mantawa shi ne tun a rukuni ƙwallon waje ta ceci Tottenham. Maki ɗaya take da shi bayan wasa uku. Ta ƙare da maki 8 daidai da Inter Milan, sai aka duba karawarsu: Inter ta ci 2-1 a San Siro, Tottenham ta ci 1-0 a Wembley. Biyu da biyu, amma Tottenham ta ci ɗaya a waje. Liverpool ma da ƙyar ta tsallake rukuni. An doke ta a duka wasanninta uku na waje a rukuni, ta yi maki 9 daidai da Napoli, karawarsu 1-0 da 1-0, bambancin ƙwallayensu ma iri ɗaya, sai da aka kai ga yawan ƙwallayen da aka ci, Liverpool 9, Napoli 7. Da Alisson bai tare bugun Arkadiusz Milik a ƙarin lokacin tashi a Anfield ba, da babu sauran labari.

Sashe na biyu na tambayarka, dalilin da ya sa nasara ke kuɓucewa, amsarsa ba ɗaya ba ce ga kowace karawa, amma dokar na da hannu a yawancinsu. Tana sa tazarar da ake gani a allo ta zama ba ita ce ainihin tazarar ba.

Duba PSG. Ta je Old Trafford ta ci 2-0, aka ba Paul Pogba jan kati. Kafin ranar babu ƙungiyar da aka taɓa ci 2-0 a gidanta a wasan farko na wannan gasa ta dawo ta wuce. Amma lissafin ya nuna inda ƙofar take. In United ta ci 2-0 a Paris, ƙarin lokaci. In ta ci 3-1, ta wuce, domin uku a waje ta fi biyu. Wato ƙwallon da Juan Bernat ya ci wa PSG a minti na 12 ba ta ƙara wa United nauyi sosai ba: kafin ta, United na neman uku don ta wuce kai tsaye, bayan ta ma ukun take nema. Thilo Kehrer ya mayar da ƙwallo baya ba ƙarfi, Romelu Lukaku ya ci a minti na 2. Gianluigi Buffon ya amayar da bugun Marcus Rashford, Lukaku ya ƙara a na 30. Daga nan har ƙarshe PSG ce ke riƙe da ƙwallo, tana wasa kamar mai tazara, alhali ƙwallo ɗaya ce tsakaninta da waje. United ta haƙura ta tsare gida har minti na ƙarshe. Bugun Diogo Dalot ya taɓa hannun Presnel Kimpembe, aka duba VAR, Rashford ya ci fenaritin.

Na Atlético Madrid da Juventus ba shi da wuyar fahimta. Atlético ta ci 2-0 a gida, ta je Turin ta koma baya gaba ɗaya, Cristiano Ronaldo ya ci uku. Da ta zura ɗaya kacal, da Juventus na buƙatar huɗu. Wannan shi ne kuskuren da mai tazara ya fi yi a ƙarƙashin dokar: yana tsare abin da ke hannunsa, alhali maganin da ya fi ƙarfi shi ne ya nemi ƙwallo ɗaya a waje.

Barcelona ce babban misali. Ranar 1 ga Mayu ta ci Liverpool 3-0 a Camp Nou, Luis Suárez ɗaya, Lionel Messi biyu, ta biyun bugun tazara ce kuma ƙwallonsa ta 600 a ƙungiyar. Duk wanda ya kalli wasan ya san sakamakon ya fi ƙarfin abin da aka buga, Liverpool ta kai hare-hare masu kyau, Mohamed Salah ya bugi turke. A bugun ƙarshe Messi ya ajiye wa Ousmane Dembélé ƙwallo shi da gola, ya buga ta hannun Alisson. A nan doka tana bayan Barcelona ɗari bisa ɗari. Liverpool ba ta da ƙwallon waje, don haka ƙwallo ɗaya a Anfield za ta sa sai Liverpool ta ci biyar. Barcelona ta riga ta ɗauki La Liga, ta hutar da manyan 'yan wasanta a ƙarshen mako, Liverpool kuwa ta sha gumurzu da Newcastle inda Salah ya bugu a kai. Babu Salah, babu Roberto Firmino.

Wasan ya faɗo ranar 7 ga Mayu, a farkon azumin wannan shekarar, ƙarfe 8 na dare agogon Najeriya da Nijar. Jordi Alba ya yi kuskuren mayar da ƙwallo da ka, Jordan Henderson ya kutsa, gola ya kaɗe, Divock Origi ya ci a minti na 7. A rabin farkon nan Barcelona ta samu damar da ya kamata ta kashe karawar, Alisson ya tare bugun Messi da na Philippe Coutinho da na Alba. Ni a wurina Alisson ne ya ci wannan karawar kafin masu zura ƙwallo, domin duk wanda ya shiga cikin waɗannan, an gama. Andy Robertson ya ji rauni aka cire shi a hutu, James Milner ya koma baya ta hagu, Georginio Wijnaldum ya shigo tsakiya. Trent Alexander-Arnold ya ƙwace ƙwallo daga Alba ya bugo, Wijnaldum ya ci a minti na 54. Minti biyu bayan haka Xherdan Shaqiri ya ɗago, Wijnaldum ya sa kai. Jimilla 3-3, babu mai ƙwallon waje, ƙarin lokaci ake fuskanta. A minti na 79 aka samu kwana. Alexander-Arnold ya ajiye ƙwallo ya fara tafiya kamar zai bar wa Shaqiri, ya ɗaga ido ya ga 'yan bayan Barcelona sun juya baya suna shirin tsayuwa, ya dawo da sauri ya buga ta ƙasa. Origi na tsaye shi kaɗai a gaban raga, ya ɗaga ta sama cikin kusurwa. Shekara ɗaya kafin nan Barcelona ta ci Roma 4-1 a gida, aka ci ta 3-0 a Italiya, ƙwallon wajen Edin Džeko ta fitar da ita. Yadda ƙafafunsu suka mutu bayan ta biyu a Anfield ya nuna abin bai bar zukatansu ba.

Liverpool ɗin nan ta nuna ɗaya fuskar dokar a zagayen 'yan 16. Ta tashi 0-0 da Bayern Munich a Anfield, wasu suka ɗauka ta yi asara. A ƙarƙashin dokar, 0-0 a gida sakamako ne mai kyau, domin duk canjaras mai ƙwallo a waje zai wuce da kai. Ta je Jamus ta ci 3-1, Sadio Mané biyu, Virgil van Dijk ɗaya.

Mu nan dokar ta taɓa mu ta fuska biyu a shekara ɗaya. A Gasar Zakarun Afirka ta 2009 Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar mai riƙe da kofin, 1-1 a Najeriya, 2-2 a Alƙahira, jimilla 3-3, Pillars na da biyu a waje. A wasan ƙarshe na wannan shekarar Heartland ta ci TP Mazembe 2-1 a Owerri, aka ci ta 1-0 a Lubumbashi, ƙwallon da Mazembe ta ci a Owerri ta ba ta kofin.

Wasan ƙarshe a Turai karo ɗaya ake yi a filin da ba na kowa ba, don haka babu maganar gida ko waje. Ranar 1 ga Yunin 2019 a filin Atlético da ke Madrid, tun ba a cika minti ɗaya ba ƙwallon Mané ta bugi hannun Moussa Sissoko, Salah ya ci fenariti. Wasan bai yi armashi ba, mako uku ƙungiyoyin suka yi ba su buga wasa ba ga zafi. Pochettino ya fara da Kane wanda ya dawo daga jinya, ya ajiye Moura a benci. Origi ya ƙara a minti na 87, Liverpool ta ɗauki kofinta na shida.

In kana kallon gasar yanzu kada ka yi wannan lissafin, domin a watan Yunin 2021 UEFA ta soke dokar, wadda take aiki tun 1965. Hujjarta ita ce fifikon wasa a gida ya ragu, dokar na sa mai masauki tsoron kai hari a wasan farko, kuma rashin adalci ne baƙo ya samu ƙarin minti 30 da ƙwallonsa ta fi ta mai gida nauyi. Hujja ta ƙarshen nan tana da ƙarfi. Daga kakar 2021/2022, in jimilla ta zo daidai ƙarin lokaci ake zuwa kai tsaye. Ka gwada da Real Madrid da City a 2022: City ta ci 4-3 a gida, Real na gaba 2-1 a minti na 90 a Madrid, jimilla 5-5. A tsohuwar doka Real ta wuce nan take da ƙwallo uku a waje, a sabuwa sai da aka ƙara lokaci Karim Benzema ya ci fenariti. Da sabuwar dokar ce ke aiki a 2019, ƙwallon Llorente a Etihad ƙarin minti 30 kawai za ta saya wa Tottenham, a gidan City, babu Kane, Sissoko kuma ya riga ya fita da rauni tun kafin hutun rabin lokaci.